Ranar da Na Kai Mama Coci ta Hanyar Zuba

Shekara biyu da 'yan watanni ina da mota, ban taɓa fitar da ita daga ƙofar gida ba.

Na saye ta ne a shekarun nan da Abuja take kumbura kamar ƙullin da aka zuba wa yis. Farar hula sun dawo mulki, kowa ya rataya wayar salula a ƙugu, duk inda ka waiga ko gini ake yi ko gini ake rushewa. Ina aiki a ɗakin ajiye fayil na wata ma'aikatar tarayya. Aka biya mu wasu ariyas na albashi da muka riga muka cire rai da su, abokan aikina kowa ya ruga ya sayi mota, ni ma na bi sahu. Tokunbo ce, wato kwancen ƙasar waje, ruwan toka, mai ƙofa huɗu. Dillalin ne ya tuƙo ta har cocinmu a Gwarinpa wata ranar Lahadi. Fasto ya ɗora mata hannu ya yi addu'a, zumuntar mata suka kewaye ta da waƙa da guɗa, na tsaya gaban ikilisiya na yi godiya. Da aka tashi, dillalin ya sake tuƙa ta zuwa gidan da muke haya a Dawaki, ya ajiye ta a gindin mangwaro, ya miƙo mini makulli. A nan ta zauna.

Ba wai ban koyi tuƙi ba ne. Na yi wata uku a makarantar koyon mota ina zagaya wani fili. Na san birki, na san totur, na san kuloci, lasisina yana aljihu. A fili babu wanda ya fi ni. Matsalar ita ce a kan titi akwai wasu mutane.

Ina da shekara goma sha huɗu babban wana ya rasu a hanya. Yana tafiya a hannunsa, bai yi laifin komai ba, wata babbar mota ta bar nata hannun ta zo ta same shi. Ni na raka babanmu asibiti. Tun ranar wani darasi ya shige ni wanda ba kowa ya koya mini ba: duk abin da ban riƙe da hannuna ba zai iya kashe ni. Haka na girma, mutum mai komawa ya duba kwaɗo sau uku. Addu'a ma haka nake yin ta. Sai na tsara komai na gama, sannan in kawo wa Ubangiji ya sa hannu, kamar yadda muke kai wa darakta takarda.

Motar kuwa ba ta rasa kulawa ba. Kowace safiya sai na tayar da ita ta yi minti goma tana kuka. Ranar Asabar in wanke ta har ƙasan tayoyi. Matata ta ga but ɗin bayan motar wuri ne mai sanyi, ta fara ajiye doya a ciki. Yara suka mayar da kujerar baya ɗakin karatu. Ni kuma duk inda zan je makullin yana hannuna. In shiga bas da shi, in ajiye shi a kan tebur a ofis inda kowa zai gani. Idan aka tambaye ni ina motar, in ce tana wajen makaniki. Da makanikin ya daɗe da yawa sai na koma cewa madam ta fita da ita. Madam ɗin da ko keke ba ta taɓa hawa ba.

Maƙwabcinmu wani Alhaji ne ɗan Katsina, yana da shagon atamfa a Gwarinpa, tsakar gida ɗaya muke. Wata Asabar ya same ni ina goge gilashi, ya tsaya ya daɗe yana kallona.

Ya ce, "Oga, ka riƙa matsar da ita ko taku biyu ne. Masu rusau in suka zo za su ɗauka gini ce ba izini, su shafa mata jan fenti."

Na yi dariya, shi bai yi ba.

Tsakanin Dawaki da Gwarinpa babban titin Kubwa ne. Mu da ƙafa muke tsallaka shi duk Lahadi, mu riƙe hannun yara mu ruga. Layi biyu bayan gidanmu akwai wata tsohuwa 'yar cocinmu, kowa Mama yake ce mata. Tana zaune da jikarta ma'aikaciyar jinya, wadda yawancin Lahadi tana wurin aiki. Yanar ido ta kama Mama, haske da inuwa kawai take gani, gwiwoyinta kuma sun ƙi. Tsallaka titin nan ya fi ƙarfinta.

Wata Lahadi, lokacin sanarwa, shugabar zumuntar mata ta miƙe ta ce wata biyu ke nan Mama ba ta zo sujada ba. Ta tambaya ko akwai mai mota a wancan tsallaken da zai riƙa ɗauko ta.

Ban ji murya ba, kada in yi ƙarya. Abin da na ji ya fi murya takura. Wani sani ne kawai ya zo ya zauna mini a ƙirji, cewa ni ake nufi, kuma ba shugabar zumunta ce take tambaya ba. Na sunkuyar da kai, na fara lallaɓawa in tura makullin cikin aljihu. Makullin ya suɓuce ya faɗi a kan siminti. Coci ya yi tsit, ƙarar ta kai har bagade. Kowa ya waigo.

Shugabar ta ce, "Mun gode wa Ubangiji." Aka yi mini tafi.

Bayan an tashi na ja ta gefe na ce motar tana da 'yar matsala, amma zan san yadda zan yi. Ta yarda. Abin da ya zauna mini a ƙirji ne bai yarda ba.

Na fara ciniki. Na je na gaishe da Mama, na ce zan samo mata ɗan okada mai hankali. Ta ce ta tsufa da hawa abin da ba ya iya tsayuwa da kansa. Na samo ɗan tasi. Lahadin farko ya zo, ta biyu ya samu fasinjan filin jirgi, ya bar Mama zaune a ƙofar gida da ɗankwalin zumunta har rana ta take. Na roƙi Alhaji. Ya ɗauke ta a motarsa, ya kai ta har ƙofar coci, ya koma ya ɗauko ta. Da yamma na je yi masa godiya.

Ya ce, "Ba komai, lada ce. Sai dai ni ina jin kamar abin wani na karɓe. In aka aiki mutum, ya aiki wani, to shi ladan wa za a rubuta wa?"

A karatun safiya kuwa, duk shafin da na buɗe sai in tarar ana ce wa wani ya tashi ya tafi wani wuri. Na gaji, na koma karanta wuraren da ake jera sunayen kakanni, wane ya haifi wane, domin a nan ba a aiken kowa ko'ina. Na yi azumin kwana uku. Mutane suna azumi don su ji nufin Allah, ni na yi nawa ne ko zai sake shawara.

Da azumin bai yi aiki ba, sai na nemi alama. Na ce, Ubangiji, gobe Asabar idan motar nan ta tashi, to kai ne, in ba ta tashi ba, zuciyata ce take yaudarata. Da sassafe, kafin kowa ya fito, na buɗe gaban motar na kwance kan batir. Na koma ɗaki na durƙusa na yi doguwar addu'a, har da cewa nufinka ya cika. Sannan na fito da natsuwa, na zauna, na murɗa makulli.

Ta tashi.

Na daskare a kujera. Ina shirin fita in faɗi ƙasa in tuba sai na ga matata tsaye a bakin taga, ɗaure da zani, riƙe da sifana.

Ta ce, "Baban yara, maguɗin zaɓe kake son yi wa Allah?"

Na ce, "Ashe ke ce. To ai ba alama ba ce ke nan."

Ta ce, "Wa ya gaya maka ba ya aiken mutum da sifana?"

Ta buɗe but ta fara kwashe doyarta.

Ranar Lahadi ta ɗauki yara suka tafi da ƙafa. Na ce su shigo mana mu tafi tare, ta ce gara a samu wanda zai rage ya ba da labari. Alhaji ne ya buɗe mini get. Matan gidansa suka leƙo ta taga, mai kantin bakin layi ya bar kantinsa ya zo ya tsaya. Na ɗora hannu biyu a kan sitiyari, na rasa irin addu'ar da zan tsara. Abin da ya fito kawai shi ne, "Ubangiji, ka san ba na so. Ga ni." Na saki kuloci, motar ta yi tsalle ta mutu. Na sake. A karo na uku ta gangara. Inda ta tashi, ciyawa ta yi shatar mota tsaf, kore a kewaye, fari a tsakiya.

Mama tana jirana a kan benci, da sanda da cakinta na waƙa. Na riƙe hannunta na zaunar da ita a gaba, na ɗaura mata bel. Hausarta irin ta mutanenmu ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Ta shafa kujerar ta ce, "Motan nan yana ƙanshin doya."

Hanyar ba ta da wani tsawo. Ka fito daga Dawaki, ka yi dama ka hau babban titi, ka ɗan taɓa tafiya, ka koma layin hagu, ka juya a yutan, wato inda aka yanka tsakiyar titi don masu komawa, sai ga Gwarinpa. Mai mota ba ya yin minti goma.

Hawa titin ya ɗauke ni kusan minti goman. Na jira har sai da na ga babu komai tun daga inda ido ya ƙare, sannan na yi dama. Na manne a gefen titi ina tafiya kamar mai rakiyar gawa. Masu okada suna wuce ni. Wani mai keke ɗauke da buhun gawayi ya wuce ni, ya waigo ya dube ni.

Yutan ya matso. Na duba madubi, na ga tirela. Nesa take, ƙanƙanuwa kamar akwatin ashana, amma na san irinta. Hannuna ya ƙi juyawa. Yutan ya zo ya wuce. Na ce a raina, ba komai, akwai na gaba. Na gaba ya zo, a madubi akwai bas. Na uku babu komai a madubin, sai na ce ai wannan ya fi haɗari, domin abin da ba ka gani ba shi ne yake zuwa da gudu.

Tsayawa ma ta gagara. Ina tsoron in taka birki na bayana ya haye ni. Ga ni ban iya hagu ba, ban iya tsayawa ba, abu ɗaya ya rage mini a duniya, shi ne gaba. Muka wuce mahaɗar Dutse. Muka wuce Kubwa. Wayata tana ta kuka a ƙugu, na san matata ce, amma ɗaga hannu daga sitiyari a lokacin daidai yake da a ce in ɗaga ƙafa daga ƙasa gaba ɗaya.

Mama kuwa waƙa take yi tana kaɗa caki. Ta gama ɗaya ta kama wata. Ta yi waƙar godiya, ta yi ta tuba, ta shiga ta bikin girbi. Wajen kasuwar katako ta Dei-Dei ta ajiye cakin a cinya.

Ta ce, "Ɗana, an ɗaga cocin ne?"

Na buɗe baki zan ce akwai go-sulo, motoci sun cunkushe, amma ƙarya ma tana bukatar natsuwa, ni kuwa ba ni da ita. Sai na gaya mata komai, idona a kan titi. Na ce yau ce rana ta farko da na hau kwalta. Na ce ban iya shiga hagu ba. Na gaya mata labarin wana, abin da ko matata ban taɓa zama na gaya mata dalla-dalla ba. Na ce ta yafe mini, na ɗauko ta ne ba tare da na san yadda zan mayar da ita ba.

Ta ce, "Duk unguwa an san ba ka iya ba. Har ni da ba na gani."

"To me ya sa kika shigo, Mama?"

"Na roƙi Ubangiji ya aiko wanda zai kai ni sujada. Kai ka zo. In ce masa ya canza?"

Sannan ta ce, "Shekara huɗu ke nan sai an riƙe hannuna. Jikata ya ce taka nan, in taka. Da farko faɗa muke yi, sai na lallaɓa wurin da ƙafa tukuna, domin ban yarda ba. Daga ɗaki zuwa bayan gida sai in yi rabin awa. Wata rana na gaji. Na ce in rami ne ma in faɗa, na huta. Har yau ban faɗa ba. Na yi tuntuɓe dai, ba sau ɗaya ba." Ta ɗauki cakinta. "Wan naka kuma yana wurin da mota ba ya zuwa. Ka bar kuka, ka duba hanya, a cikinmu kai kaɗai ne mai ido."

Ban san ina kuka ba sai da ta faɗa.

Abin da ya tsayar da ni a ƙarshe motar kankana ce. Ta gitta titi tana neman shiga kasuwa, duk motoci suka tsaya, ni ma na taka birki da ƙafa biyu. Motar ta mutu. Babu wanda ya haye ni. Wasu matasa suka tura mu gefe, kusa da teburin mai shayi.

Mama ta ɗaga hanci ta shaƙi iska. Ta ce, "Lemu nake ji. Zuba ne nan." Ta faɗe shi da murna, kamar dama can nan muka nufa. Ta ce rabonta da kasuwar nan tun idonta yana gani, kuma tunda an zo ba za a koma hannu biyu ba.

Ni ban iya fita ba. Yatsuna sun ƙage a kan sitiyari, rigata ta jiƙe sharkaf. Wani dattijo ya taso daga bencin mai shayi da kofinsa, farin gemu, hula ta sha mai, da ganinsa ka ga tsohon direba. Bakano ne. Ya leƙo ta taga.

Ya ce, "Malam, lafiya? Ko mai ne ya ƙare?"

Mama ce ta amsa. "Bai iya hagu ba. Daga Dawaki muke, za mu Gwarinpa."

Dattijon ya dubi hanyar da muka fito, ya dube ni, ya kurɓi shayinsa. Bai yi dariya ba, kuma har gobe ina gode masa. Ya ce, "Da motar kankana ba ta tare ka ba, da yanzu ka kama hanyar Kaduna ke nan." Ya sa aka kawo mini ruwa. Ya tambaye ni abin da nake gani idan na duba madubi. Na ce ina ganin duk motocin da ke bayana, kuma ban san abin da kowannensu zai yi ba.

Ya ce, "To ai kai ba mota ɗaya kake son tuƙawa ba, duk na kan titin kake so. Ni shekara talatin ina wannan aiki, guda ɗaya aka taɓa ba ni. Ka duba madubi, ka sa sigina, in da hanya ka shiga. Wannan shi ne naka. Sauran kowa da direbansa, direbobin kuma da Mai su."

Ya ce lodin abarba zai kai cikin gari, yanzu zai tashi. In shiga gabansa, shi zai biyo ni a baya ya tare mini hanya, duk mai son taɓa ni sai ya fara bi ta kansa.

Kafin nan Mama ta gama cinikinta ta taga. Ba ta ganin lemun, amma tana matsa shi ta shinshina ta mayar, har mai lemun ya ce wa abokinsa wannan tsohuwar ta fi masu ido wahala. Aka cika mana but da lemu, aka ɗora kankana biyu a kujerar baya. Na kira matata na ce muna da rai, muna Zuba. Ta ce, "Wace Zuba?" Na ce guda nawa ce.

Babbar motar dattijon ta tsaya a bayana, ta cika madubin gaba ɗaya. Abin da na fi tsoro a duniya, ga shi a bayana, kuma wai shi ne mai gadina. Ya danna hon sau ɗaya. Na sa sigina. Na ce, "Ubangiji, ga hagu." Na murɗa sitiyari. Motar ta shiga hagu, ta zagaya, ta fuskanci gari, ba tare da sama ta faɗo ba. Mama ta kaɗa caki.

Komawar ta fi sauƙi. Na san akwai mai tare mini baya, sai na daina leƙen madubi kowane numfashi. Na sa giya ta uku, abin da ko a filin koyo ban cika yi ba. Har na wuce wani mai okada, na ji kunya na ɗaga masa hannu. Sai da muka wuce Kubwa na duba don in ga dattijon. Babu shi. Wata ƙaramar bas ce a bayana. Ban san inda ya rabu da mu ba, wataƙila tun Dei-Dei ya karya.

Na ce, "Mama, ya tafi. Ba kowa a bayanmu."

Ta ce, "Tun yaushe?"

"Ban sani ba."

"To da can shi yake tuƙa ka?"

Na ci gaba da tafiya. Ga mai zuwa daga Zuba, Gwarinpa tana hannun dama. Wannan ma na ƙirga shi cikin jinƙan Ubangiji.

Mun iso an daɗe da yin addu'ar albarka ta rufe sujada, amma rabin ikilisiya ba su tafi ba. Kafin in kira, matata ta riga ta gaya wa fasto gaskiyar magana, aka mayar da sauran sujadar addu'a domin mu. Alhaji ma yana tsaye a bakin get da motarsa, ya yi ta zagaya asibitocin kusa yana tambaya. Na taka birki a tsakiyar harabar, nesa da kowace bishiya. Mama ta fito da sandarta kamar wadda ta dawo daga ziyarar Urushalima, ta ba da umarni a buɗe but a raba wa jama'a.

Fasto ya zo ya tsaya kusa da ni, riƙe da lemu biyu.

Ya ce, "Ɗan'uwa, an ce mini daga Dawaki kuka taso."

Na ce, "Ta Zuba muka biyo, Baba."

Ya jinjina kai. Ya ce wa'azinsa na yau a kan biyayya ne, ya kwana uku yana shirya shi, amma bai ga amfanin ya maimaita mini ba. Sannan ya shigar da Mama ciki, ya zaunar da ita a kujerarta ta kullum, 'yan zumunta suka dawo da tulunsu na kiɗa, aka yi mata waƙa biyu da addu'a, domin ta ce ita ba ta zo duk wannan tafiya don ta raba lemu ta koma ba.

Komawa gida ma akwai yutan. Wannan karon matata da yara suna baya da kankana a cinya, Alhaji yana biye da mu. Na farko ya wuce ni. Matata ta tambaya a hankali ko Karu za mu, ta san abin da za ta saya a can. A na biyu na duba madubi, na sa sigina, na shiga.

Ba zan ce tsoron ya tafi ba. Har yau tafin hannuna yana gumi in tirela ta matso. Abin da ya canza shi ne na daina jiran ya tafi kafin in tashi. Na daɗe ina zaton dogara ga Allah wani sanyi ne da yake sauko wa mutum a zuciya, in ya sauko sai ka yi abin da aka ce. Ni a wurina ba haka ya zo ba. Sai da na yi tukuna, ina rawar jiki, ina kuskuren hanya, sannan wani abu mai kama da sanyin ya biyo baya, shi ma ba kullum ba.

Shekara uku ina kai Mama sujada. A shekara ta uku, wajen kaka, muna dawowa ta ce mini ƙanwarta ta rasu a ƙauyensu, can cikin duwatsu, tana son ta je ta ga kabarin ko da da hannu ne. Ta ce motar haya tana karya mata baya. Na san hanyar da labari: lanƙwasa a kan lanƙwasa, rami a gefe ɗaya, manyan motoci suna gangarowa a ɗayan.

Na ce, "Mama, bari in yi addu'a a kai tukuna."

Ta ce, "Ka yi a hanya. Asabar da safe, ka zo da bargo, can da sanyi."

Muka tafi. Tafiyar awa biyar ta ɗauke mu awa tara. A kan dutse na ƙarshe wasu shanu suka tare hanya, makiyayin ya ce in bi su a hankali za su kauce. Ba su kauce ba. Haka muka shiga ƙauyen a bayan garke, mutanen gari suna tsaye a bakin hanya suna jiran baƙuwarsu, Mama tana tambayata ko mun kusa.